Fitila ta Uku a Jikin Maigadi

Masu bibiyar wannan shafi, barkanmu da war haka. Ku ɗan ba ni hankalinku, musamman ku iyaye 'yan uwana.

Akwai wata mata da ke da ɗan shagon buga takardu a bakin wani titi, tsakanin shagon tela da na mai sayar da magani. Kwamfuta uku ne a ciki, a jere kan wani dogon tebur na katako, sai injin kwafi guda ɗaya da sai ya yi tari sau biyu kafin ya tashi. Kowa a layin, Maman Kwafi yake ce mata, har 'ya'yanta idan suna son tsokanarta.

'Ya'yan nata biyu ne. Babbar nas ce, tana gidan mijinta can bayan kasuwa, kusan kullum sai ta leƙo idan ta taso daga aiki. Ƙaramin kuwa, wanda take ce wa Auta duk da ya yi gemu, shekara uku ke nan rabon da ta ji muryarsa.

A jikin bangon shagon, ƙasa da agogo kaɗan, akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi tafin hannu biyu ba. Ba shi da fanka, ba ya ƙara, ba shi da allo. Waya ɗaya ta shiga daga waje, ɗaya ta fita zuwa kwamfutoci. Auta ne ya haɗa shi, bayan wata shekara da ɓarayin intanet suka shigo suka kulle takardun mutane kakaf, ɗalibai suna kuka a ƙofar shago.

Ya yi mata bayani a lokacin. Duk abin da zai shigo daga waje sai ya tsaya a wurin akwatin nan. Wanda aka rubuta sunansa ya wuce, wanda ba a rubuta ba ya koma inda ya fito. Masu sana'ar suna ce masa fayawol. Ita bakinta bai iya ba, sai ta sa masa suna Maigadi.

Wutar da Maigadi yake ci ba ta kai ta ƙwan fitila ɗaya ba. Ɗan ƙaramin batir da farantin sola guda sun ishe shi yini. Fitilu uku ne a gabansa, ƙanana kamar idon kifi. Ta farko tana nuna akwai wuta. Ta biyu tana ƙiftawa idan ana aiki. Ta ukun kuwa, Auta ya saita ta ne don kansa: ba ta kamawa sai idan shi ne ya shigo daga nesa don ya duba lafiyar akwatin. Ya kuma gaya mata cewa ko'ina yake a duniya, idan ta kunna da safe yana gani, idan ta kashe da yamma yana gani.

A lokacin ba ta ɗauki maganar da muhimmanci ba. Yaron da ke cin abinci a gabanta kullum, ina ruwanta da wata fitila?

Abin da ya raba su shi ne aiki. Wani babban kamfani ya kira shi, da ofis mai sanyi da mota. Ta riga ta gaya wa tela, ta gaya wa mai magani, ta gaya wa duk wanda ya zo kwafi. Sai Auta ya ce ba ya so. Shi so yake ya bi ƙananan asibitoci da makarantun da ke nesa da gari, inda wuta ba ta zama, yana saka musu irin wannan ɗan akwatin.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce duk wahalar da ta sha a tsaye gaban injin kwafi har ƙafafunta suka kumbura, ashe a gwangwanin kifi karatunsa zai ƙare. Ya yi ta ba ta haƙuri, ita kuma ta yi ta ƙara zafi. Ranar ƙarshe, a gaban maƙwabta, ta nuna bango da yatsa.

"Duk ranar da ka ga na cire wannan gwangwanin naka, to ka sani na cire ka daga raina."

Auta ya ciro wani ɗan abu daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya ce ta adana. Ta ture shi da bayan hannu ba ta ko kalla ba. Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Daga baya suka ji ya tsallaka wata ƙasa da aikin. Lambarsa ta daina shiga. Yayarsa ta nema har ta gaji.

Asabar ta farko bayan tafiyarsa, da hantsi, Maman Kwafi tana goge gilashin inji sai ta ga wani abu ta gefen ido. Fitila ta uku ta kama. Ta tsaya da tsumma a hannu, ba ta motsa ba har kusan minti goma sha biyar, sannan fitilar ta mutu.

Asabar ta gaba ma haka. Ta gaba ma haka.

Tun daga nan rayuwarta ta koma tana zagaye akwatin. Ƙarfe bakwai na safe, kafin ta share shago, kafin ta sha shayi, Maigadi take fara kunnawa, don kada yaron ya duba ya ga shiru ya ɗauka ba ta da lafiya. Ko zazzaɓi take yi sai ta lallaɓo ta kunna, ta koma ta kwanta. Ranar Asabar kuwa, ta juya kujerarta ta fuskanci bango. Wanda ya zo kwafi a wannan lokacin sai ya jira.

Idan fitilar ta kama, takan yi mata magana a hankali. Ta tambaye ta ko ya ci abinci, ko tarin nan nasa na lokacin sanyi ya dawo, ko akwai mai wanke masa kaya. Wata Asabar ta gaya mata tela ya yi jika. Wata Asabar kuwa kallo kawai ta yi.

'Yarta takan yi mata tsiya. Ta ce ita da take zuwa da ƙafarta kullum ba ta samun rabin gaisuwar da gwangwani yake samu, ƙila sai ta sa fitila a goshi. Uwar ta harare ta ta ce ai duba shi take yi don kada ya ƙone mata shago. Dukansu sun san ba haka ba ne.

Haka aka yi shekara uku.

Wata Litinin ta danna maɓalli kamar kullum. Fitila ta farko ta kama. Ta biyu ba ta kama ba. Ta kashe ta sake kunnawa. Ta hura masa iska, ta goge shi da gefen mayafi, ta ɗan bubbuga shi kamar mai tashin yaro daga barci. Shiru.

Mijin 'yarta ya zo da rana ya cire wayar waje ya soka ta kai tsaye a kwamfuta, intanet ya dawo. Ya ce ai shi ke nan, aiki ba zai tsaya ba. Ita kuwa ba aikin ne ya dame ta ba. Can wani wuri, a gaban wani allo, yaronta yana ganin shagon uwarsa ya yi duhu. Kuma ita da bakinta ta gaya masa ma'anar wannan duhun.

Ta roƙi surukin ya buɗe akwatin. Ya kwance ƙusoshi huɗu, ya zaro wani ɗan kati kamar kan sarki, ya gwada shi a kwamfuta. Ya ce memorin ne ya mutu, sai an sayi wani.

Washegari da sassafe tana kasuwar waya. Aka nuna mata rumfar wani matashi da ake kira Sarkin Giga, katuna rataye a bayansa kamar labule. Ta kwance bakin mayafi ta miƙa masa tsohon katin. Ya ɗaga shi sama ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga abin tarihi. Giga ɗaya! Ya ce wannan ko hotunan jikanta ba zai ɗauka ba, wanda ya saka mata shi ko dai marowaci ne ko kuma bai san aiki ba.

Maganar ta sosa mata inda yake mata ƙaiƙayi. Ai dama ta faɗa, yaron nan komai nasa ƙarami. Ta tambaya wanne ne ya fi kowanne girma. Ya zaro mai giga ɗari da ashirin da takwas. Ta ce shi take so. A ranta tana cewa, idan ya leƙo ranar Asabar zai tarar uwarsa ta faɗaɗa masa wuri, kamar yadda take cika masa kwano har ya ce ya isa.

Ta dawo, suruki ya saka. Fitila ta farko ta kama. Ta biyu ba ta kama ba.

Ta koma kasuwa da akwatin gaba ɗaya a cikin jaka. Sarkin Giga ya juya shi sama da ƙasa, ya ce katinsa ba shi da matsala, akwatin ne ya tsufa, ta jefar. Ya sauko mata da wani sabo, baƙi mai sheƙi, da eriya huɗu kamar ƙahonni. Ta tambaye shi ko wannan yana da fitila ta uku. Ya ce fitilu takwas gare shi. Ta ce ba abin da take tambaya ke nan ba. Ya dube ta, ya dubi maƙwabcinsa, suka yi dariya. Ta mayar da Maigadi cikin jaka ta juyo.

Asabar ta zo. Ta san babu abin da zai kama, amma ta mayar da akwatin bango, ta juya kujera ta zauna. Ta kalli wurin fitilar har rana ta take. Tana ta ƙirga abin da Auta yake tunani yanzu. Zai ce ta gaji. Zai ce ta cika alkawari. Ko ma ya ce dama ya san za a zo nan.

Mai magani ne ya ga halin da take ciki ya ce ta je wurin Baba Dalma. Ya ce tsohon yana ƙarƙashin matakalar bene a ƙarshen kasuwa, tun zamanin rediyo mai batir shida yake gyara, amma fa sai ta yi haƙuri, don ba ya sauri ko gobara ake yi.

Ta same shi a wani lungu da ba ya ɗaukar mutum uku, da tabarau biyu ɗaya a kan ɗaya, wurin yana warin dalma da ƙura. Bai tambaye ta komai ba sai da ya share mata benci. Da ta ciro akwatin, ya karɓa da hannu biyu. Ya shafa gefensa, ya leƙa yadda aka ɗaure wayoyin ciki, ya gyaɗa kai. Ya tambaye ta wa ya haɗa shi.

Ta ce ɗanta ne. Ya ce to ta haifi mai hankali.

Shekara uku ba wanda ya gaya mata haka. Ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi.

Ya zaro sabon katin ya ajiye gefe, ya yi mata bayani a hankali kamar mai ba jika labari. Ramin katin da ke jikin akwatin nan tsohon yayi ne, ƙidayarsa ba ta wuce giga biyu ba. Idan aka kawo masa ɗari da wani abu, ba ya ma sanin an saka masa komai. Kuma ko da ya gane shi, sabon kati fanko ne. Hankalin Maigadi gaba ɗaya a cikin tsohon katin yake, sai an rubuta shi a sabon kafin ya tashi.

Ta ce to me ya sa tun farko yaron bai saka babba ba.

Baba Dalma ya ce saboda ba ya buƙata. Manhajar duka ba ta cika rabin giga ba. An raba katin ɗaki uku ne: biyu na manhaja, ɗaya yana aiki ɗaya yana jiran ko ta kwana, sai wani ɗan ƙaramin ɗaki a can ƙarshe inda ake ajiye sunayen waɗanda aka yarda su shigo da mabuɗansu na sirri. Ko rahoton aikin yau da kullum ba a rubutawa a katin, don yawan rubutu yana cinye shi. Shi ya sa ya yi shekaru bai gaza ba. Ya ce wanda ya tsara wannan ya auna komai daidai wuyan akwatin, bai rage ba, bai ƙara ba.

Sannan ya ce abin mai sauƙi ne. Yana da ƙaramin kati a aljihun tebur, zai rubuta masa sabuwar manhaja, kafin ta gama cefane Maigadi ya tashi.

Zuciyarta ta yi sanyi. Har ta miƙe, sai ta koma ta zauna ta tambaye shi fitila ta uku fa.

Ya ce wace fitila. Nan ta kwance masa komai, har maganar da ta yi a gaban maƙwabta, wadda ko 'yarta ba ta yarda su tuna ta ba.

Tsohon ya cire tabarau ɗaya ya goge. Ya ce to gara da ta faɗa. Sabuwar manhaja ba ta san kowa ba. Za ta tsare shagon da kyau, amma idan ɗanta ya zo ya ƙwanƙwasa, za ta mayar da shi kamar yadda take mayar da ɓarawo, don mabuɗinsa yana cikin wancan ɗan ɗakin na tsohon kati. Zai ga akwatin ya tashi, kuma ya ga an rufe masa ƙofa.

Ta ce a'a. Wannan ai ya fi duhun muni.

Ya ce ta bar masa tsohon katin ya gwada ko zai ciro ɗakin. Kwana uku tana zuwa tana zama a bencin nan daga hantsi har la'asar. Ya gwada a wannan na'ura, ya gwada a waccan, ya goge haƙoran katin, ya ɗumama shi, ya bar shi ya huce. Ita kuma tana ta yi masa tambaya ko an samu, shi kuma yana ce mata ta sha ruwa. Rana ta uku ya ajiye katin a tafin hannunta ya ce ya mutu murus, Allah bai yi ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta fara tattara akwatin za ta mayar cikin jaka. Baba Dalma ya ɗauki murfin zai miƙa mata, sai ya tsaya, ya kai shi kusa da fitila. A cikin murfin, da baƙin alƙalami, an rubuta: 1 na 2.

"Ina na biyun?" in ji shi.

Ta ce na biyun me.

Ya ce kati biyu da aka rubuta wa giga ɗaya a jiki ba lallai su zo daidai ba. Wani yakan gaza da ƙiris, idan aka zo kwafe wannan cikin wancan sai ƙarshen ya ƙi shiga, kuma a ƙarshen ne mabuɗai suke. Shi ya sa mai lura yake sayen biyu rana ɗaya, iri ɗaya, ya yi su tagwaye, ɗaya a cikin akwati ɗaya a ajiye. Ya ce yaron da ya ɗaure wayoyi haka ba zai tafi bai bar ɗan'uwan katin ba. Bai taɓa ba ta wani ɗan abu ya ce ta adana ba? Ƙila a cikin 'yar robar da ba ta fi akwatin ashana ba?

Maman Kwafi ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi daga ka har ƙafa.

Ta tuna ranar da Auta ya tafi. Bayan ya fita, tana cikin fushi ta dafa dogon teburin nan, ya yi rawa kamar yadda ya saba. Ta yi tsaki, ta duba ƙasa ta ga 'yar robar da ta ture, ta ɗauka ta cusa a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Teburin ya tsaya cak. Har ta ce a ranta, to yau dai kayansa sun yi amfani.

Shekara uku tana zaune tana kallon bango, abin da ya bar mata yana ƙarƙashin ƙafar tebur, da nauyin kwamfuta uku a kansa.

Ba ta san yadda ta iso shago ba. Ta kira tela, ta kira mai magani, ga 'yarta ta taso daga aiki da farin kaya. Suka ɗaga teburin tana ta ce musu a hankali, a hankali. Ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo ta zaro robar. Ta lotse a tsakiya, ta tsage a gefe, ƙura ta mayar da ita ruwan ƙasa. Ta goge da babban yatsa. Rubutunsa ne, mai karkata hagu tun yana firamare: 2 na 2. Na Umma.

Nan ne kukan ya zo. Tela ya juya baya yana duba wani abu a titi.

Baba Dalma da kansa ya rufe lungunsa ya biyo ta washegari, yana tafiya yana hutawa. Ya fasa robar da 'yar wuƙa. Katin yana nan lafiya, ko kwarzane babu. Ya goge haƙoransa, ya saka, ya ce ita ta danna.

Fitila ta farko ta kama. Suka jira. Can sai ta biyu ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, ta kama rawa kamar da.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da duhu.

Kafin ya rufe murfin, tsohon ya soka wata waya daga akwatin zuwa tsohuwar kwamfutarsa da ya zo da ita a jaka. Ya ce akwai wani ɗan wuri da ake rubuta gaisuwa, duk wanda ya shigo da mabuɗi ita yake fara gani. Idan tana da magana, ga dama.

Ta gyara zama ta fara. Ta ce ya rubuta cewa ita dai ba laifinta ba ne, kuma shi ma ai ya san halinta, kuma wace uwa ce ba ta son ɗanta ya zama babba, kuma da ya so ai da ya kira ko sau ɗaya, kuma mutane suna ta tambayarta. Ta yi nisa kafin ta lura hannun Baba Dalma yana kan cinyarsa, bai danna ko harafi ɗaya ba.

Ya ce, "Layi huɗu wurin yake nunawa, 'yata. Zaɓi waɗanda suka dace."

Ta sake tunani. Sannan ta faɗa, shi kuma ya rubuta da yatsa ɗaya:

Auta, ban cire ba. Katin ne ya mutu.
Maganar da na yi ba daidai ba ce.
Lambata ba ta canza ba.
Ummanka.

Asabar ta zo. Ta sa kayanta masu kyau kamar mai jiran baƙo, ta juya kujera. Hantsi ya yi, rana ta take, la'asar ta yi. Fitila ta uku ba ta kama ba.

Asabar ta biyu ma haka.

'Yarta ta zauna kusa da ita ta ce ƙila ya riga ya daina dubawa, kada ta kashe kanta. Uwar ta ce ita ma ta yi wannan tunanin. Amma shi ya yi shekara uku yana zuwa ƙofar da aka kore shi daga gare ta, ba a taɓa ce masa sannu ba. Ita sati biyu kawai ta yi. Washegari ƙarfe bakwai ta kunna. Jibi ma ta kunna. Ta daina jiran Asabar, ta matsar da injin kwafi inda za ta riƙa ganin bango duk yini.

Ranar wata Laraba da tsakar rana, tana cikin kwafe wa wani malami takardun jarrabawa, fitila ta uku ta kama.

Takardun suka zube daga hannunta. Fitilar ba ta yi minti ɗaya ba ta mutu. Ta tsaya tana kallon wurin. Ya gani ne ya fita? Bai gani ba ne? Ko ya gani bai yarda ba? Malamin yana tsince takardunsa yana tambayarta ko lafiya, ba ta ji shi ba.

Sai wayarta ta yi ƙara a cikin aljihun tebur. Doguwar lamba ce da ba ta sani ba.

Ta ɗauka. Shiru, sai numfashi. Ta san numfashin.

"Umma."

"Na'am, Auta. Na'am."

Muryarsa ta yi kauri, kamar ta mahaifinsa. Ya ce da ya ga kwana bakwai shiru, sai ya cire shagon daga allonsa, don ba ya iya kallon jan ɗigon da ke nuna akwatin a kashe kowace safiya. Yau yana wani ƙaramin asibiti yana saka akwati, wata tsohuwa ta kawo masa ruwa ta tsaya a kansa sai ya shanye, shi ne ya kasa daurewa ya leƙa.

Ta buɗe baki za ta faɗi duk abin da ta tara na shekara uku, sai ta ji kanta tana tambayarsa ko ya ci abinci. Ya yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka ya ce ya ci.

"A ina kika ajiye na biyun duk shekarun nan?"

Ta dubi 'yarta da ta shigo yanzu ta tsaya a ƙofa da hannu a baki. Ta ga babu amfanin ɓoyewa.

"A ƙarƙashin ƙafar tebur."

Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda yake yi yana yaro har ya riƙe ciki.

"To teburin fa yanzu?"

"Yana nan yana rawa."

"Kada ki cusa masa komai, Umma. Ki bar shi haka. Ƙarshen wata zan zo in gyara."

Har yau, in ji waɗanda suka san shagon, babban katin nan mai giga ɗari da ashirin da takwas yana cikin aljihun tebur, ba a taɓa rubuta komai a cikinsa ba.

Darasi: Iyaye, ba kowane alheri ne yake zuwa da girma ba, kuma ba abin da ya fi girma ne ya fi dacewa da ɗanka ba. Kada burinmu ya sa mu rena abin da 'ya'yanmu suka iya, har mu take abin da suka bar mana da ƙafar tebur. Mu kiyaye bakinmu lokacin fushi, don maganar minti ɗaya takan raba uwa da ɗa shekaru. Idan kuma mun riga mun faɗa, layi huɗu na gaskiya sun isa su buɗe ƙofa, in an haɗa da haƙuri. Ku kuma 'ya'ya da kuke nesa, leƙe daga nesa ba ya maye gurbin murya, ku ɗauki waya yau. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa wani, ƙila akwai wata uwa da ke zaune yanzu tana kallon bango.